Marigayiya a Cikin Bokiti

Ku da kuke ɗaga salula sama, ku karkace wuya, ku turo baki gaba kamar kifin da aka ciro daga ruwa, ku danna, sannan ku ce wai hoto ba sana'a ba ce, ku matso kusa. Sunana Zali. Ban isa yin zaɓe ba tukuna, amma na yi aikin hoto a Gaya har na tsufa a cikinsa. Yanzu in na durƙusa gwiwoyina kuka suke yi kamar ƙofar shago, kuma duk sana'ar ce ta ja mini.

Inna ce ta kai ni, wani hutun lekol, wato makaranta, bayan ta rantse cewa in na ƙara wuni ɗaya a gida ina zuba, kunnuwanta za su yi ƙaura su bar ta. Ta ja ni har shagon wanta, Kawu Sadu mai hoto, a bakin hanyar da manyan motoci ke bi su nufi gadar kogi da ke haɗa mu da Benin.

"Yaya, ga ta nan," in ji ta. "Ka sa ta aiki. In surutu ya dame ka, ka ɗaure bakin da igiyar kyamara."

Kawu ya dube ni daga sama har ƙasa. Dogo ne siriri, kuma an ce ya taɓa yin dariya wata shekara can baya, sai dai ban samu wanda ya gani da idonsa ba. Ya ce, "Za ta yi amfani. Ni ba na shiga ɗakin mata ranar suna, ita za ta shiga." Sai ya miƙo mini tsintsiya.

Na daɗe ina shara kafin a bar ni in taɓa maɓalli. Bayan shara aka ƙara mini girma, na koma goge gilashi da wani ɗan ƙyalle mai laushi da Kawu ke ajiyewa cikin kwalba. Ranar da ya ga na ɗaga gefen hijabina zan goge, ihun da ya yi sai da wani direba ya taka birki a titi.

Kyamarori biyu ne a shagon. Ta farko ƙatuwa ce mai dogon hanci kamar taɓarya, nauyinta ya kai na jaririn da ya ƙoshi. Ta mutu tun kafin in zo. Abin da ya rage da rai a jikinta fitilar da ke bisa kanta ce, mai batirinta daban, wadda in ka danna ɗan maɓallin bayanta sai ta yi walƙiya. Ni na raɗa mata suna Marigayiya. Kawu ya ce ba ni da kunya, amma ba a jima ba shi ma haka yake kiranta.

Ta biyun ita ce 'Yar Baƙa, kuma ita ke ciyar da mu. Wani direba ne ya zo da ita daga Kwatano cikin kayan hannu na biyu, Kawu ya sayar da babur ɗinsa ya saye ta, shi ya sa ko'ina a ƙafa muke zuwa. Girmanta bai wuce sabulun wanki ba. Idonta, wato gilashin gaba, a haɗe yake da jikinta. Ba ya cirewa, ba ya miƙewa, ba ya jawo abin da ke nesa. Ku a salula kuna buɗe yatsu biyu abu ya matso. Ita ba ta san wannan ba. In kana son kusa ka taka gaba, in kana son faɗi ka ja baya. Na ja baya na faɗa kwata, na ja baya na taka tiren mai ƙosai, na ja baya na zauna a cinyar wata tsohuwa da har yau ba ta amsa gaisuwata.

Amma wannan ido ɗaya tilo, an yi shi ne daidai da farantin da ke bayansa mai kama haske, kuma Kawu ya ce farantin girmansa ɗaya da na manyan kyamarori, na salula kuwa bai kai farcen jariri ba. A wuyan idon akwai zobe. In ka juya shi ido ya buɗe sosai, mutum ya fito tsaf har gashin gira, abin da ke bayansa ya narke kamar man shanu a rana. In ka tsuke shi, tun daga hancin na gaba har hular na baya kowa ya fito. A bisa kanta akwai wani mulmulallen maɓalli na sauri, wanda ke tsayar da yaro a tsakiyar tsalle. Tana neman ƙwayar idon mutum da kanta, ta sa mata ɗan akwati kore a ekran, wato ɗan allon da ke bayanta. Aibinta kuwa, tana shan batir kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya, in duhu ya yi yawa ta yi ta lalube kafin ta kama fuska, kuma ba ta shiri da ruwa ko kaɗan. Sannan ba ta ƙara. Ka danna, shiru.

Sunan farko da na shiga ni kaɗai, a gidan wani mai shigo da shinkafa ne. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ɗakin mai jego ba haske sai na 'yar taga, ga mata cunkus kamar an zuba su da mazurari. Na buɗe zoben har ƙarshe yadda Kawu ya nuna mini, na roƙi mai jego ta juyo wajen taga, na matsa har ina jin ƙamshin turarenta, na danna. Jaririn ko motsi bai yi ba.

Kakar yaron ta ce, "To ɗauki mana, mun gaji da murmushi."

Na ce, "Iya, ai na ɗauka."

"Kin ɗauki me? Ni ban ji ƙas ba, ban ga wuta ba. Ke 'yar gidan wa ce? An aiko mana yarinya da akwatin ashana!"

Sai da na juya mata ekran. Ta ga 'yarta da jikanta, hasken taga ya kwanta a kumatunsu, lallen hannu ya fito har zanensa. Ta matso da shi kusa da ido, sannan ta ce, "To yi mini nawa, amma ki bari in sa haƙorana."

Wurin mata ke nan, su ana iya nuna musu. Maza ba sa tsayawa a nuna musu. Akwai wani Alhaji mai manyan motoci da ya kira Kawu, tun kafin zuwana, ya ɗauke shi tare da sabon kamyo. Da ya ga 'Yar Baƙa sai ya ce shi motar da ya saya ba ta wasa ba ce, ba za a ɗauke ta da abin wasa ba, ya aika aka kira wani. Tun daga ranar Kawu ya fito da Marigayiya daga ƙarƙashin tebur ya goge ta.

Ga yadda muke aiki. Kawu ya tsaya gaba, ya ɗaga Marigayiya da hannu biyu, ya rufe ido ɗaya, ya murɗa dogon hancin nan kamar mai neman tashar rediyo, ya ce, "A dubo nan! Kar a motsa!" Kowa ya ƙame kamar soja. Fitila ta yi wal. Ni kuwa ina gefen gwiwar hannunsa da 'Yar Baƙa. Ya koya mini in bari walƙiya ta wuce, lokacin da mutane suka saki numfashi fuska ta dawo tasu, sannan in danna. In wani ya tambaya yarinyar me take yi, Kawu ya ce, "Koyo take, ku ƙyale ta." A shago ma, in ana hoton kart, wato ƙananan hotunan nan na takardu, Marigayiya na tsaye bisa ƙafafunta uku kamar sarauniya, Kawu ya ɗaga 'Yar Baƙa ya ce bari ya gwada haske tukuna. Gwajin nan shi ne hoton.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, wannan ba ruɗi ba ne?"

"Fuskar da ke hoton tasu ce ko ta aro?"

"Tasu ce."

"Ta yi kyau?"

"Ta yi."

"To akwai yashi a bakin ƙofa, je ki share."

Haka muka yi ta tafiya har shekarar da aka rufe gada. Ku yara ne lokacin, wato kun girme ni ko na girme ku da 'yan watanni, amma ba ku da shago, ba ku san abin da ya faru ba. Motoci suka tsaya jere har ido ya gaji. Direbobin da ke zuwa a ɗauke su sun jingina da ƙofar mota suka koma kwana ƙarƙashinta, suna sayar da abin da ke hannunsu su ci abinci. Suna ya koma na dabino da addu'a, a watse. In an yi aure, ƙanen ango ya ɗaga salula an gama. Mukan wuni ba wanda ya leƙo sai ƙuda, har na fara gane su ɗaya ɗaya ina gaishe su. Hoton kart kaɗai ya rage, don takarda ba ta san an rufe gada ba. Inna ta ce wa Kawu ya bar shagon ya koma gonar gidansu a Tanda. Ya ce, "Muddin 'Yar Baƙa tana gani, shago na buɗe. Ran da ta daina gani sai ki zo ki taya ni ɗaure kaya."

A shekarar nan masu jirgin ruwa ne kaɗai ke sayen nama. Tun da gada ta rufe, mutane da kaya duk ta kogi suke haurawa. Wata safiya cikin damina wani ƙaton mutum ya cika mana ƙofa, wandonsa a naɗe har gwiwa. Baba Hamani ke nan, masunci ne da ya koma fito. Hausarsa ta kasuwa ce, yana yi yana cusa yarensu na Dandanci.

"Fofo, mai hoto. Jirgi sabo na yi, dogo, da inji. Ina son hoto babba. Jirgi duka, kai har wutsiya, bisa ruwa, ni da yara da 'yan'uwa a ciki. Ka zo da babban nan." Ya nuna Marigayiya da leɓe.

Aiki irin wannan mun manta kamanninsa. Muka bi shi.

A bakin kogi matsalar ta fito. Gaɓar cike take da jirage da buhuna da masu dako, ba inda za a ga jirgin Baba Hamani shi kaɗai sai an tura shi can cikin ruwa. Da aka tura shi, na duba ekran, ya koma kamar ɓawon gyaɗa, mutanen ciki kamar tururuwa. Da mai jawo nesa ce, da mun tsaya ƙarƙashin rumfa mun gama. Ita kuwa sai an taka, kuma ruwa ba ya takuwa. Dole aka sa mu a ƙaramin kwalekwale, wani yaronsa ya tuƙa mu. Kawu ya kalli gabas, inda sama ta fara haɗa rai, ya ce, "Mu yi sauri."

Hoton ya yi kyau, wannan kam ba zan rage masa ba. Hadari ya rufe rana, haske ya yi laushi, ba mai runtse ido. Na tsuke zobe don kowa ya fito, na ƙara sauri saboda kwalekwalen na rawa. Kawu ya miƙe tsaye da Marigayiya yana tangaɗi yana cewa kar a motsa. Sabon fenti shuɗi da ja, baƙin hadari a baya, Baba Hamani a tsaye a kan jirgi ya riƙe ƙugu kamar shi ya haƙa kogin.

Muna gamawa iska ta taso. Suka jawo mu, suka ɗauke mu zuwa cikin babban jirgin don ƙaramin zai iya kifewa. Ledar da muke yawo da ita saboda irin wannan rana, ina zaro ta iska ta fizge, na ga ta nufi Benin ba ko takarda. Ɗigon farko ya faɗo mini a goshi kamar an jefe ni da goriba.

Masu jirgi suna da bokiti mai murfi, na roba, inda suke zuba salula da takardu in ruwa ya zo. Baba Hamani ya jawo shi, ya fizge Marigayiya daga wuyan Kawu, ya cusa ta ciki. Ta cika bokitin har sai da ya danna murfin da gwiwa. Sannan ya zauna a kai.

Na ce, "Baba Hamani, ƙaramar! A sa ƙaramar!"

Ya yi dariya, ruwa na zuba daga gemunsa. "'Yata, wannan wasa ne. Ta lalace, gobe ni saya miki biyu a kasuwa. Ta Malam ita ce abinci."

'Yan'uwansa duk suka gyaɗa kai. Wani ma ya ce, "Yara ke nan, ana ceton dukiya ita tana kukan 'yar tsana."

Na dubi Kawu. A cikin jirgin nan akwai mutanen da suka tsaya gaban Marigayiya ranar aurensu, da ranar sunan 'ya'yansu, da ranar da za su yi kart, kuma kafin la'asar duk abin da aka faɗa a jirgi ya zaga kasuwar Gaya ya dawo. Na ga bakin Kawu ya buɗe. Na ga ya rufe. Ya cire hularsa ya miƙo mini, na cusa 'Yar Baƙa ciki na tura ƙarƙashin hijabi, shi kuma ya sunkuya a kaina ya baza rigarsa. Amma ruwan ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Igiyar ruwa ta bugi gefen jirgi ta watso mana kamar an juye tulu. Kafin mu kai gaɓa ko cikin kunnena akwai kogi.

A gaɓa Baba Hamani ya buɗe bokiti gaban jama'a, ya ɗaga Marigayiya sama. "Duba, Malam! Ko ɗigo!"

Kawu ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Allah ya saka da alheri." Ya rataya ta a wuya, muka tako gida, hular da ke hannuna tana ɗiga.

A gida ya cire wa 'Yar Baƙa batir da katin da hotuna ke ciki, ya shanya ta. Inna ta karɓe ta ta binne cikin buhun shinkafa, ta hana kowa ɗiba, muka koma cin tuwon masara. Da aka tono ta Kawu ya yi bisimilla ya kunna, sai ekran ya kawo haske. Na yi guɗar da ta tayar da kajin unguwa. Hotunan jirgi suna nan lafiya. Aka wanke babba aka sa a gilashi, Baba Hamani ya zo ya ɗauka ya tafi da shi bisa kai, ya bar mana ƙaton kifi.

Ba a yi wata ba na ga wani abu a gefen hotuna, kamar an huci madubi. Na goge ido da ƙyallen kwalba, yana nan. Kawu ya goge, yana nan. Ya ɗaga ta wajen rana ya leƙa, ya miƙo mini. Can ciki, bayan gilashin da hannu ke iya taɓawa, wasu siraran zare farare sun fara yaɗo kamar saƙar gizo. Danshin da ya shiga ne ya haifi fumfuna.

Muka kai ta wurin Ila mai gyaran salula, wanda ke cewa ko jirgin sama aka kawo masa zai kwance. Ya juya ta, ya nemi inda ido ke rabuwa da jiki, ya ajiye.

"Malam Sadu, da irin mai cirewa ce, sai a cire idon a sa wani, an gama. Wannan tare aka haife su. In na buɗe ta, ba zan iya mayar da ita yadda take ba, ni ban iya ƙarya ba ranar Juma'a. Sai dai Kwatano ko Legas."

Kawu ya ce, "Ta wace hanya?"

Ila ya koma kan salular da ke gabansa.

Kullum da safe Kawu na ajiye ta a taga rana ta bugi idon, wai ko zaren zai mutu. Bai mutu ba. Daga gefe ya riƙa cin hanya zuwa tsakiya. Fuskoki suka fara fitowa kamar ana dafa abinci da ɗanyen itace a shagon. Marigayiya kuwa tana tsaye bisa ƙafafunta, ƙyalli kawai take yi, ko tsatsa babu.

Aikin ƙarshe na wata mata ce daga wajen Zabori, mai goyo, da ta zo yin takarda. Muka ɗauke ta da safe. Da azahar ta dawo da hotunan a tafin hannu, ta yi zuru-zuru.

"Baba, sun ce ba su karɓa. Wai fuskar hayaƙi ce. Ga motar garinmu za ta tashi, in na rasa ta ban san inda zan kwana da yaron nan ba."

Kawu ya dubi hotunan ya daɗe. Ya mayar mata da abin da ta biya, ya ce ta biyo shi. Ya tsallaka titi da ita zuwa rumfar wani saurayi mai ɗaukar hoton kart da salula, wanda Kawu bai taɓa yarda ya kalli wajensa ba. Ina daga ƙofar shago ina hango shi yana juya kafaɗar matar wajen haske, yana ɗaga mata haɓa da ɗan yatsa daga nesa, yana ce wa saurayin ya sunkuya kaɗan. Da ya dawo ya ce, "Je ki kira uwarki, ki ce ta zo da igiya."

Bayan girbi na hau kabu-kabu na je Tanda gaishe shi. Na same shi a bayan gida ya yi baƙi ya ƙara ramewa, da sanda a hannu. A ƙasa ya shimfiɗa babban zanen da muke ratayawa a bango mutane su tsaya gabansa, mai hoton gidan bene da jirgin sama, ya baza shinkafa a kai tana shan rana. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi Inna, ya tambayi lekol. Sannan ya dubi jakata, inda nake ajiye 'Yar Baƙa tun da ya bar mini ita.

"Kin zo da ita?"

"Na zo da ita, Kawu."

"Tana gani?"

"Kaɗan. Ta tsakiya kawai, wuri kamar bakin kofi."

Ya gyaɗa kai. "To ki matsa kusa, ki sa fuskar a nan. Kar ki goge da hijabi."

Ya juya ya ci gaba da korar kaji daga kan jirgin sama.